Rubutu, Lissafi da Bayani a Gaban Aji: Sharhi Kan Shekaru Ukun Farko na Firamare

Shekaru uku na farko da yaro yake yi a makarantar firamare, wato daga aji ɗaya zuwa aji uku, lokacin da yake tsakanin shekara shida zuwa tara, su ne ake sa ran zai mallaki abubuwa uku waɗanda duk sauran karatunsa zai hau kansu: iya rubuta abin da yake ransa, iya sarrafa lambobi tare da fahimtar abin da suke wakilta, da kuma iya tsayawa a gaban mutane ya yi bayanin abin da ya sani har a gane. A jadawalin darussa an raba su gida-gida, kowanne da lokacinsa da littafinsa, na ukun ma sau da yawa ba shi da gurbi ko kaɗan, amma a wajen yaron aiki ɗaya ne, domin a cikin ukun duka abin da ake nema shi ne tunanin da yake ɓoye a kansa ya fito fili, ko a kan takarda, ko cikin alƙaluma, ko ta fatar baki, yadda malami zai gan shi ya san inda ya miƙe da inda ya karkace. Abin da ya addabi mafi yawan makarantun gwamnati a arewacin Najeriya da kudancin Nijar shi ne an musanya kowane ɗaya daga cikin ukun da wani abu mai kama da shi: kwafe abin da ke allo ya maye gurbin rubutu, rera jadawalin sau ya maye gurbin lissafi, amsa amon aji gaba ɗaya kuma ya maye gurbin bayani. Aji yakan cika da sauti da motsi, malami ya gaji, yara su gaji, a tashi ba wanda ya ga tunanin ko yaro ɗaya.

Girman al'amarin ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni da ya kira talaucin koyo, wanda yake nufin yaro ya kai shekara goma bai iya karanta ɗan gajeren labari ya fahimce shi ba, kuma a ƙiyasin da aka sabunta a 2022 an ce kimanin kashi 70 cikin ɗari na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki suna cikin wannan hali, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kusa kashi 90. A gida ma, gwaje-gwajen karatun farko da aka yi a jihohin Bauci da Sakkwato a farkon shekarun 2010, inda ake zaunar da yaro shi kaɗai a miƙa masa takarda a ce ya karanta a fili, sun nuna cewa mafi yawan 'yan aji biyu da aji uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba, alhali Hausar suke yini suna yi. Karatu waɗannan gwaje-gwaje suka fi aunawa, domin shi ya fi sauƙin awo, amma wanda bai iya karanta kalma ba da wuya a ce ya iya rubuta jimla, kuma da wuya ya warware tambayar lissafin da aka rubuta da kalmomi.

Rubutu aiki biyu ne da aka goya wa juna. Akwai aikin hannu da ido, wato riƙe fensir, da zana harafi yadda za a gane shi, da sanin sautin da kowane harafi yake ɗauke da shi, da barin fili tsakanin kalma da kalma. Akwai kuma aikin zuciya, wato yaro ya san abin da yake so ya faɗa, ya jera shi, ya zaɓi kalmomin da za su isar da shi. Na farkon dole ne ya zame masa jiki, domin yaron da har yanzu yake kokawa da ta ina ake fara zana harafin g, ko wane gefe cikin b yake kallo da wane gefe na d yake kallo, hankalinsa duka yana bakin fensir, ba shi da ragowar da zai yi tunanin jimla da shi. Wannan ne ya sa atisayen hannu na 'yan mintoci kowace rana, da shifta, wato malami ya faɗi kalma yara su rubuta ba tare da sun gan ta ba, suke da amfani ƙwarai, kuma kuskure ne a raina su da sunan tsohon yayi. Sai dai aikin zuciyar ba ya jiran na hannu ya kammala, a tare suke girma, kuma a nan ne makarantu da yawa suke yin asara, domin sun ɗauka sai yaro ya iya ƙa'idojin rubutu tsaf sannan ya cancanci a ce ya rubuta wani abu na kansa.

Binciken da Emilia Ferreiro da Ana Teberosky suka yi da yara ƙanana a ƙasar Ajantina, wanda suka wallafa a 1979, ya nuna cewa tun kafin a koya wa yaro rubutu yana da nasa zato a kan yadda rubutu yake aiki, kuma zaton yana sauyawa mataki-mataki. Da farko yakan ɗauka cewa babban abu yana buƙatar haruffa masu yawa, ƙaramin abu kuma kaɗan, ta yadda sunan raƙumi zai fi na tururuwa tsawo. Daga nan sai ya gano cewa rubutu sauti yake bi, sai ya riƙa sa harafi ɗaya ga kowace gaɓa. A ƙarshe ya kai ga ba kowane sauti harafinsa. Kafin su, a 1971, Charles Read a Amurka ya nuna cewa rubutun da yara suke ƙirƙira da kansu, wanda manya suke gani shirme ne, yana bin tsari, kuma kurakuransa suna nuna daidai sautin da kunnen yaron ya kama da wanda ya kuɓuce masa. Yaron da ya rubuta "mkrt" yana nufin makaranta ya ji baƙaƙe huɗu a jere ba tare da ya saɓa tsarinsu ba, abin da ya rage masa shi ne wasula da kuma n ɗin da ke ƙarshen gaɓa ta uku, kuma malamin da ya iya karanta wannan ya san darasin gobe. Wanda ya kwafi kalmar cikakkiya daga allo da kyakkyawan hannu kuwa bai bayyana wa malami komai ba, domin zai iya yin haka ko da rubutun Sinanci ne aka sa masa a gaba.

Hausar boko tana da wata falala a nan wadda Ingilishi da Faransanci ba su da ita, kuma ba a cin moriyarta yadda ya kamata. Wasulanta biyar ne, kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka a ko'ina ya zo, gaɓarta kuma ba ta wuce siga uku: baƙi da gajeren wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar a "kai" da "kau", ko baƙi da wasali da wani baƙin kamar a "kan". Yaron da ya san sautin haruffa ya kuma iya haɗa su gaɓa-gaɓa zai iya rubuta kusan duk abin da bakinsa ya furta, wanda ɗan aji ɗaya a Ingila ba zai iya ba sai bayan ya haddace ɗimbin kalmomin da rubutunsu bai bi furucinsu ba. Wuraren tuntuɓen sanannu ne kuma ba su da yawa: haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma 'y, tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw, baƙi mai ɗauri kamar a "hannu" da "sarƙaƙƙiya", da rabon kalmomi, inda manya ma suke haɗa abin da ya kamata a raba. Akwai kuma tsawon wasali da karin sauti waɗanda ba a nuna su a rubutu, shi ya sa garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi suke da kama ɗaya a takarda, sai jimla ce take bambance su. Wannan ma dalili ne na fitar da yaro daga rubuta kalmomi ɗaiɗai zuwa jimla tun da wuri.

Abin da ake buƙata a aji bai fi ƙarfin makarantar ƙauye ba. Ɗan aji ɗaya ya zana abin da ya gani a hanya ya rubuta kalma ɗaya ko jimla ɗaya a ƙarƙashinsa. Malama ta tsaya a allo yara suna faɗa mata yadda aka yi shara da safe ko yadda ake dama kunu tana rubutawa a gabansu, tana tambayarsu ina za a sa aya, wace kalma ta fi dacewa, me ya kamata ya zo farko. Ɗan aji uku ya rubuta wa kawunsa wasiƙa ta jimla biyar, ko ya rubuta tatsuniyar da kakarsa ta yi masa. Babban abin da ke kashe wannan shi ne jan biro, domin yaron da ya yi ƙarfin hali ya rubuta jimla huɗu na kansa aka mayar masa da takarda jawur zai gane cewa kwafi ya fi kwanciyar hankali. Gyara ɗaya ko biyu a kowane aiki, waɗanda suka dace da matakin da yaron yake, sun fi gyara goma da ba zai riƙe ko ɗaya ba. Iyaye da masu duba makarantu ma suna da hannu a cikin lamarin, domin cikakken littafi mai tsabta suke ɗauka shaidar karatu, malami kuma ya san haka, sai ya ba su abin da suke nema.

Bai kamata a manta ba cewa yawancin yaran nan ba a firamare suka fara haɗuwa da rubutu ba. Sun zo daga makarantar allo ko Islamiyya, inda suka fara babbaƙu, wato haruffan Larabci ba wasali, sannan farfaru, wato haruffan da wasulansu, kuma hannunsu da idonsu sun saba tafiya daga dama zuwa hagu. Idan irin wannan yaro ya fara layi daga dama ko ya juya harafi, ba daƙiƙanci ba ne, tsari biyu ne suka haɗu a kansa, kuma bayani na minti biyu a kan bambancinsu ya fi tsawa amfani. Makarantar allon tana da wata ƙa'ida kuma da ta boko ta yi sakaci da ita: kowane almajiri da allonsa da inda ya tsaya, ba ya wankewa ya ci gaba sai malam ya saurare shi shi kaɗai ya tabbatar ya iya.

A fannin lissafi, ruɗin yana farawa ne daga ƙirga. Yaron da ya rera ɗaya zuwa ɗari ba tuntuɓe ana cewa ya iya ƙirga, alhali jerin sunaye ne ya haddace. Rochel Gelman da Randy Gallistel, a littafinsu na 1978 a kan yadda yaro yake fahimtar adadi, sun bayyana cewa ƙirga ta gaskiya tana da sharuɗɗa: kowane abu ya sami lamba ɗaya tak, lambobin su zo a jere ba sauyi, lambar ƙarshe da aka ambata ita ce yawan abubuwan gaba ɗaya, kowane irin abu ana iya ƙirga shi, kuma ko ta ina aka fara jimillar ba ta canzawa. Sharaɗi na uku shi ne mafi saurin ɓuya, domin akwai yaron da zai ƙirga duwatsu bakwai daidai, a tambaye shi nawa ne, sai ya koma ya sake ƙirgawa daga farko, saboda a wajensa "bakwai" sunan dutsen ƙarshe ne kawai. Irin wannan ba a gano shi a cikin rera ta taro, sai an zuba masa ƙwallayen dabino ko murafen kwalba a gaba an zura masa ido.

Mataki na gaba, wanda mafi yawan masu ƙin lissafi a nan suka faɗi ba su sake tashi ba, shi ne darajar gurbi, wato fahimtar cewa 2 da ke cikin 25 goma biyu ce, ta cikin 52 kuwa biyu ce kawai, kuma sifiri yana riƙe gurbin da ba komai a ciki. Yaron da bai kama wannan ba zai rubuta ɗari da biyar a matsayin 1005, domin abin da ya ji ke nan, ɗari sannan biyar; idan aka ce ya ɗebe 18 daga 52 kuma zai ba da 46, domin ya ga 2 ba ta kai 8 ba sai ya juya su ya cire ƙaramar daga babbar. Harshen Hausa yana taimakawa a wani wuri, yana kuma rufe abin a wani wuri. "Goma sha uku" ta faɗi kanta, goma ce da uku, amma ashirin da talatin da arba'in, waɗanda aka aro daga Larabci, ba su nuna wa yaro cewa goma biyu da goma uku da goma huɗu ne ba, saɓanin tsohuwar ƙirgar gomiya biyu da gomiya uku wadda ta bayyana komai a fili. Malamin da ya sa yara suka ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma, suka riƙa cewa ƙulli biyar da tsinke biyu kafin su ce hamsin da biyu, suka kwance ƙulli ɗaya da hannunsu lokacin da biyu ta kasa biyan takwas, ya nuna musu ma'anar abin da ake kira aro a lissafin ɗebewa, wanda in ba haka ba sai dai su haddace shi a matsayin wata dabara da ba su san dalilinta ba.

Wannan tafiya daga abin da ake taɓawa zuwa abin da ake zanawa sannan zuwa alama zalla, Jerome Bruner ne ya tsara ta a shekarun 1960, ƙasar Singafo kuma ta gina manhajar lissafinta ta firamare a kanta tun farkon shekarun 1980, kuma ɗalibanta suna sahun gaba a gwajin lissafi na ƙasa da ƙasa tun daga 1995. Kayan da suke amfani da su na roba ne masu launi, amma hikimar ba a robar take ba, karan dawa da tsakuwa suna yin aikin daidai wa daida.

Akwai kuma wata dukiya da yaran ƙasar Hausa suke shigowa aji da ita, ake sa su ajiye ta a bakin ƙofa. A 1985 Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa binciken da suka yi da yara masu talla a birnin Recife na Birazil, inda suka tarar cewa yaran suna warware kusan dukkan lissafin ciniki daidai da ka, amma da aka ba su lissafin nan dai da alƙaluma a takarda, abin da suka ci bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Duk wanda ya san yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ya san wannan labari, domin tana ba da canji ba kuskure, amma a aji ana lissafa ta cikin waɗanda ba su gane lissafi. A Nijar abin ya fi ban mamaki, inda ake ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya sefa biyar, dala ashirin sefa ɗari, jika kuma sefa dubu, ta yadda yaron kasuwa yana juya kuɗi tsakanin ma'auni biyu kullum ba tare da an taɓa ce masa ninkawa da biyar yake yi ba. Hatta yadda ake cewa "ashirin ba biyu" a maimakon sha takwas hanya ce ta warware 52 a ɗebe 18: a cire ashirin a mayar da biyu, a sami talatin da huɗu. Aikin malami shi ne ya tambayi yarinyar yadda ta yi, ya rubuta hanyarta a allo da alƙaluma, ya nuna mata cewa abin da take yi a kai da abin da littafi yake so abu guda ne. Haka mudu da tiya, da kamu da taki, da wasan dara da carafke, duk ƙofofi ne na awo da ƙirga da tsari waɗanda suke buɗe tun kafin a sayi littafi.

Tambayar nan ta "yaya kika yi?" ita ce ta haɗa lissafi da abu na uku, wato bayani a gaban jama'a, wanda shi ne aka fi wofintarwa. A 1965 Andrew Wilkinson a Ingila ya kafa hujja cewa iya magana da sauraro fasaha ce da ake koyarwa kamar karatu da lissafi, bai kamata a bar ta ga sa'a ko halin gida ba. A makarantun Amurka da Ingila akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta yaro ya zo da wani abu daga gida, ya tsaya a gaban 'yan ajinsu ya nuna shi, ya faɗi mene ne, daga ina ya fito, me ake yi da shi, sannan ya amsa tambaya ɗaya ko biyu. Abin yana da sauƙin gani amma yana ɗauke da aiki mai yawa, domin dole yaron ya zaɓi abin da zai faɗa, ya jera shi, ya ɗaga murya yadda na baya zai ji, ya lura ko an gane, masu sauraro kuma su koyi yin shiru da ƙirƙiro tambaya. Wannan jerantawa ta farko da tsakiya da ƙarshe ita ce dai za a nema a wurinsa idan ya zo rubuta insha'i, kuma yaron da bai taɓa jera magana da baki ba ba zai jera ta da fensir ba.

A ƙasar Hausa batun yana haɗuwa da tarbiyya, kuma ya kamata a yi masa adalci. An hori yaro da kunya da kawaici, kada ya haɗa ido da babba, kada ya tsoma baki cikin maganar manya, 'ya mace kuma an fi matsa mata a kan haka. Waɗannan ɗabi'u suna da daraja, kuma makarantar da ta ɗauke su a matsayin cuta za ta yi karo da iyaye ba gaira ba dalili. Amma al'ummar da ta hori yaro da kunya ita ce kuma ta ba shi tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da wasan kwaikwayon tashe, inda yara suke riƙe taro da baki, kuma ita ce take girmama mai fasahar zance, har littafin da Abubakar Imam ya rubuta domin makarantu a ƙarshen shekarun 1930 ya sa masa suna Magana Jari Ce. Abin da yaro yake buƙata shi ne a nuna masa cewa aji wuri ne da aka ba shi izinin magana, da ladabinta da ƙa'idarta: ya yi sallama, ya faɗi sunansa da abin da zai yi bayani a kai, ya gama ya yi godiya. Kuma dole ne malami ya hana dariya da ba'a, domin yarinyar da aka yi wa ihu ranar da ta fara tsayawa tana iya gama firamare ba ta sake ɗaga hannu ba.

Wani ɓangare na shirun yara daga malamin yake. Mary Budd Rowe, wadda ta naɗi muryoyin darussa masu yawa a Amurka ta fitar da sakamakonta a farkon shekarun 1970, ta gano cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya kafin su maimaita ta, ko su mayar da ita ga wani, ko su amsa da kansu, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara sukan ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba ma sukan shigo. A ajin da ya cika maƙil ba zai yiwu kowa ya tsaya a gaba kullum ba, amma zai yiwu a ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa amsarsa kafin a zaɓi mutum biyu su faɗa wa aji, kuma zai yiwu a ware minti goma a rana ga yara uku bisa juyi. Makarantun da suka gaji tsarin Faransa, har da na Nijar, suna da wata tsohuwar dabara mai kyau, inda kowane yaro yake da ƙaramin allo na hannu, malami ya yi tambaya, kowa ya rubuta amsarsa, a ɗaga alluna a lokaci ɗaya. Da kallo ɗaya malamin zai ga wanda ya gane da wanda ya ɓata, idan 52 a ɗebe 18 aka tambaya ya kira mai 46 da mai 34 kowanne ya yi bayanin hanyarsa, a cikin minti biyar an yi rubutu an yi lissafi an yi bayani.

Duk wannan ya rataya ne a kan harshen da ake koyarwa da shi, domin yaro ba ya rubuta tunaninsa ko ya yi bayanin dabararsa da harshen da bai sani ba, iyakarsa ya kwafa ya maimaita. Manufar ilimi ta ƙasa da Najeriya ta fitar a 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin da makaranta take, gyare-gyaren da suka biyo baya kuma suka ƙayyade shekaru uku na farko. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida ana ba su Ingilishi a matsayin darasi, ya nuna cewa ba su koma baya a Ingilishin ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa. Nijar ma ta buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. A 2022 gwamnatin tarayyar Najeriya ta amince da koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, a 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan manufa da komawa ga Ingilishi. Hujjar masu son Ingilishi tun daga aji ɗaya ba ta rasa tushe ba, domin da shi ake jarrabawa da neman aiki, littattafan harsunan gida sun yi ƙaranci, kuma akwai garuruwan da aji ɗaya yake ɗauke da harsuna biyar. Sai dai a Kazaure ko Gumi ko Tasawa, inda malami da ɗalibai duka Hausa suke ji, hana su amfani da ita a shekarun farko ba ya haifar da iya Ingilishi, abin da yake haifarwa shi ne rera kalmomin da ba a san ma'anarsu ba.

Saura batun malami da yawan ɗalibai. Manufar ilimin ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma a manyan garuruwan arewa ajin da ya haura ɗari ba baƙon abu ba ne, kuma tun daga shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 zuwa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 yawan masu shiga makaranta yana gaban yawan ƙwararrun malamai. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, kuma duk da cewa ƙungiyar malamai ta ƙalubalanci yadda aka gudanar da ita, ta fito da tambayar da ba a iya kaucewa a kan irin horon da kwalejojin ilimi suke bayarwa. Al'adar da ake yi ta tura malamin da ake gani ya fi rauni zuwa aji ɗaya, a ajiye gwani a aji shida saboda jarrabawa, juya abu ne a kife. Shirye-shiryen da aka gwada sun nuna hanya: RANA a Katsina da Zamfara daga 2015, da Mu Karanta a Bauci da Sakkwato, sun ba malamai jagorar darasi ta kowace rana da Hausa, da littafi a hannun kowane yaro, da mai zagayowa yana kallon darasi yana ba da shawara, sannan tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi na raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, wanda aka gwada a Dawakin Tofa da Wudil daga 2019, ya yi aikin ceto ga 'yan aji huɗu zuwa shida da suka wuce ba su sami tushe ba. Rauninsu shi ne yawancinsu da kuɗin waje suka tashi, kuma idan kuɗin ya ƙare littattafai sukan ƙare.

Saboda haka ya kamata hedimastoci da kwamitocin iyaye da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su sauya abin da suke dubawa idan sun shiga ajin ƙananan yara. A bar ƙirga shafukan da aka cika, a ɗauki ɗan aji uku ko wanne ne, a ba shi farar takarda a ce ya rubuta jimla uku a kan abin da ya yi jiya, a ba shi 52 ya ɗebe 18 ya faɗi yadda ya yi, sannan a ce ya tsaya ya karanta wa 'yan ajinsu abin da ya rubuta. Gwajin ba ya cin minti goma kuma ba ya buƙatar kuɗin kowace ƙungiya, kuma makarantar da mafi yawan yaranta suka kasa shi ba ta sauke nauyin shekaru ukun da aka damƙa mata ba, ko da littattafansu a cike suke.